Daga Soro Zuwa Na'ura: Waiwaye a Kan Tarihin Ɗumama Ɗaki da Sanyaya Shi a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 2024 hukumar da ke tsara farashin wutar lantarki a Nijeriya ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a kullum, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya. Wannan ƙari ya zo a tsakiyar bazara, kuma ƙasa da shekara guda bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Daga nan magidanta da dama suka shiga lissafin abin da barci cikin sanyi yake ci musu, aka kuma soma cigiyar dabarun rage wannan nauyi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun tarihin wannan matsala a ƙasar Hausa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a tsarin gargajiya ginin kansa shi ne babban makamin yaƙi da zafi da ɗari, wuta da mafici kuwa ƙari ne kawai. Daga farkon ƙarni na 20 aka juya wannan tsari, gini ya daina aikinsa, abin da yake ƙari a da ya zama dole, kuma ya zama abin biya duk wata. Za a kafa hujja da tarihin gine-gine da kuma kalmomin da harshen Hausa ya adana, domin sau da yawa kalma takan riƙe abin da masu ita suka manta.

2.0 Yanayin Ƙasar Hausa a Bakin Bahaushe

Ƙasar Hausa tana fama da matsananta biyu. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano da Sakkwato da Maraɗi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyas, wani lokaci ya haura. A Disamba da Janairu kuwa, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, sanyin asuba yakan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya ba da labarin cewa a Disambar 1823, suna kan hanyarsu daga Barno zuwa Kano, sun wayi gari ruwan da ke cikin mazubansu ya yi ƙanƙara. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, wanda dama yana fama da ciwo, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga wannan nazari, shi ne bushewar iska a tsawon rani, da kuma ratar da ke tsakanin zafin rana da sanyin dare, wadda takan kai digiri 15 ko fiye a yini ɗaya.

Bahaushe ya lura da waɗannan abubuwa ya kuma raɗa musu suna. Ya bambanta ɗari, wato busasshen sanyi mai tafe da iska, da sanyi, wanda ya fi danganta da laima. Yana da jaura da hazo a ɓangaren hunturu, yana kuma da gumi, wato zafin da ke zuwa da nauyin iska gab da faɗuwar damina, wanda ya bambanta da ƙunar rana. Wannan rarrabewa tana da amfani a aikace, domin maganin ɗari daban yake da maganin laima, haka nan abin da ke kashe ƙunar rana ba lalle ya yi wa gumi komai ba.

3.0 Gini a Matsayin Dabara ta Farko

Gidan birni na gargajiya da ƙasa ake gina shi. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya shi a rana, sa'an nan a jera shi ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri daga tushe, yana sirancewa yayin da yake tashi. Rufi kuwa da azara ake yin sa, wato tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika cin sa ba, a shimfiɗa zana ko kara a kai, a bi da ƙasa. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi a faɗin da ya wuce kimanin mita 2, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin su faɗaɗa ɗaki su kuma ɗaga rufinsa. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Masana irin su Schwerdtfeger (1982) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) sun yi bayanin waɗannan gine-gine dalla-dalla.

Sirrin irin wannan gini a kaurinsa yake. Ƙasa tana shan zafi a hankali, tana kuma sakin sa a hankali. Zafin da ya bugi bayan bango da hantsi ba ya ratsowa ciki sai bayan awoyi da dama, galibi bayan faɗuwar rana. Saboda haka da azahar, lokacin da ƙafa ba ta taka ƙasa a waje, cikin soro yana riƙe da sauran sanyin daren jiya. Da dare kuma sai bangon ya dawo da ɗumin da ya tara. A hunturu wannan alheri ne biyu, domin ɗaki yana ɗumama kansa ba tare da an ƙona ko kara ɗaya ba. A bazara kuwa ɗumin dare yakan zama nauyi, shi ya sa mutane suke fitowa da tabarma su kwana a tsakar gida ko a kan soro ko a ƙofar zaure. Ke nan gidan yana da ɗakin rana da wurin dare, mutum ne yake bin sanyi daga wannan wuri zuwa wancan.

Sauran sassan gini ma suna taimakawa. Taga ƙarama ce kuma a sama take, tana fitar da iska mai zafi ba tare da ta shigo da rana ko ƙura mai yawa ba. Lungunan tsohon birni ƙunci gare su, katangu suna yi wa juna inuwa. A ƙauye kuwa ɗakin jinka yana da tasa hikimar: ciyawa ba ta tara zafi, iska kuma tana ratsa ta.

Wannan tsari yana da nasa farashi. Ruwan sama shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa, musamman bangon gabas, inda hadari ya fi bugu. Dole a riƙa yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a shafe bango da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su yi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Amma farashin na ƙarfi ne da kayan gida, ana biyan sa sau ɗaya a shekara, sau da yawa ta hanyar gayya.

4.0 Dabarun Ƙari

4.1 Maganin Ɗari

Idan ɗari ya fi ƙarfin bango, sai a koma ga wuta. Ana hura ta da kara ko kirare a tsakar gida ko a zaure, a kewaye ta ana jin ɗumi da asuba da kuma bayan isha'i. A bakin irin wannan wuta almajirai suke karatun dare. A cikin ɗaki kuwa kasko ake zuba wa garwashi a ajiye kusa da tsoho ko majinyaci. Akwai kuma gadon ƙasa, wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashinsa, a sa garwashi a ciki, ƙasar ta ɗauki ɗumi ta riƙe shi har gari ya waye. Ga kuma gwado da bargo da mayafi, waɗanda masaƙa suka tanada.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan dabaru jikin mutum suke nufa. Ba a ɗumama gida gaba ɗaya, ana ɗumama wurin da mutum yake, a lokacin da yake buƙata. Wannan shi ne tsimin da ke cikinsu.

Sai dai gaskiya ta wajabta a ambaci illarsu. Hayaƙin itace a rufaffen ɗaki yana cutar da ido da huhu, gawayi kuma yana fitar da iskar guba marar wari wadda kan kashe mai barci. Haka nan binciken da likitoci Davidson da Parry suka gudanar a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da al'adar kwanciya a kan gadon ƙasa mai zafi, haɗe da wankan jego da shan kunun kanwa. Ashe ba duk abin da aka gada ne ya cancanci a dawo da shi yadda yake ba.

4.2 Maganin Zafi

A bazara dabara ta farko ita ce inuwa. Durumi da ceɗiya da tsamiya su ne majalisun gari, rumfar zana kuma ita ce ɗakin mata da rana. Har karin magana ya auna itatuwa da wannan ma'auni, inda ake cewa inuwar giginya na nesa ka sha. Ta biyu ita ce iska: mafici na kaba a hannu, da asabari a bakin ƙofa, wanda ke tare rana ya bar iska ta wuce. Ta uku kuma ita ce ruwa. Ana yayyafa shi a tsakar gida da yamma, ana jiƙa mayafi a lulluɓa, ana kuma ajiye randa da tulu a inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi.

Aikin randa ya cancanci ƙarin bayani. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Idan busasshiyar iska ta busar da wannan tsattsafi, sai ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. Saboda haka gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin ruwa. Marubucin wannan maƙala, wanda aiki ya kawo shi kudancin ƙasar nan, ya taɓa ɗauko tulu tun daga gida da zumuɗin shan ruwan sanyi irin na ƙuruciya. Tulun ya yi ta zufa, amma ruwan bai yi sanyin da aka sani ba sai a 'yan makonnin da hunturu ya leƙo kudu. Dalili kuwa shi ne iskar kurmi ta riga ta ƙoshi da laima. Wannan ya nuna cewa kowace dabara 'yar ƙasarta ce, kuma wannan darasi ne da aka manta da shi a lokacin da aka soma gina gida iri ɗaya daga Ikko har Katsina.

5.0 Zuwan Kwano da Siminti

Ya kamata a tuna cewa Turawan mulkin mallaka na farko ba su raina ginin ƙasa ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, a gidan ƙasa ya zauna a Nasarawa ta Kano, gidan kuma yana nan har yau. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ma ginin ƙasa ce. Sauyi ya biyo layin dogo ne, wanda ya iso Kano a 1911. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa da fatu shi ne yake dawowa da kwanon rufi da siminti, aka fara ganin su a tashoshi da kantunan kamfanoni da unguwannin Sabon Gari. Daga baya aka kafa masana'antun siminti a cikin gida: Nkalagu a 1957, Ewekoro a 1960, Sakkwato a 1967, sai Ashaka a 1979. A zamanin arzikin man fetur abin ya kai ga ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Ikko a 1975.

Ba da wauta mutane suka rungumi waɗannan kaya ba. Kwano ba ya cin wuta kamar jinka, ba ya yoyo kamar tsohon soro, ba ya buƙatar yaɓen shekara-shekara. Bangon bulo siriri ne, yana barin fili a birnin da ƙasa ta yi tsada. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi wuyar samu, gayya kuma ta ja baya yayin da aikin albashi ya bunƙasa. A kan duk waɗannan akwai martaba, domin gidan kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu.

Amma abin da aka samu ta fuskar ruwa an rasa shi ta fuskar zafi. Kwano falle ne na ƙarfe wanda ba ya jinkirta komai. Da rana yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ya sauke shi kai tsaye a kan na ciki, musamman inda babu silin. Da dare a hunturu kuma sai ya huce nan da nan. Bulo mai rami, mai kaurin inci 6 ko 9, ba ya riƙe sanyi kamar bangon ƙasa. Manyan tagogin gilashi suna shigo da rana. Tsakar gida ta ƙanƙance ko ta ɓace, tsoron ɓarayi kuma ya hana kwanan waje. Sai aka wayi gari da ɗakin da ya fi waje zafi da azahar, ya kuma kasa tare ɗari da asuba.

Harshe ya rubuta wannan sauyi. Kalmomin tsohon gini, irin su soro da azara da makuba da jinka da indararo, sun daɗe da zama 'yan gida, taga kuwa tsohon aro ce daga Larabci. Na sabon gini galibi aro ne daga Ingilishi: siminti, bulo, silin, gilashi. Kwano kaɗai ya fita daban, domin sunan mazubin ƙarfe ne aka faɗaɗa ma'anarsa ya haɗa da abin rufi.

6.0 Zamanin Lantarki

Ɗakin da ya kasa sanyaya kansa dole ya nemi taimako daga waje. An fara samar da wutar lantarki a Ikko a 1896, aka kafa hukumar lantarki ta ƙasa da dokar 1950, aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sa'an nan aka haɗe hukumomin biyu, ta lantarki da ta madatsun ruwa, suka zama NEPA a 1972. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa ƙananan ma'aikata da yawa suka sayi fanka da firji, manyansu kuma suka sa iyakwandishan, na'urar da asalinta ya koma ga aikin Willis Carrier a Amurka a 1902.

Kalmar fanka tana da tarihi mai ban sha'awa. Asalinta daga harshen Hindi ne, sunan wani ƙyalle da ake ratayawa a rufi, bara yana jan igiyarsa yana yi wa maigida fifita. Turawan Ingila ne suka ɗauko kalmar daga Indiya, Hausa ta karɓa, ta kuma ɗora ta a kan na'urar lantarki. Itacen darbejiya, wanda aka shigo da shi Barno a 1928 ya kuma zama babbar inuwar garuruwan arewa, shi ma ɗan Indiya ne.

Matsalar ita ce wutar ba ta taɓa wadatar da masu nemanta ba. NEPA ta koma PHCN bayan dokar 2005, aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a Nuwambar 2013, amma janareta ya ci gaba da zama ɗan gida, tare da tsadar mansa da haɗarin hayaƙinsa. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024.

Ɗan lissafi zai fito da girman al'amarin. Na'urar sanyaya ɗaki mai cin kilowat 1, idan ta yi aikin awa 8, a farashin Afrilun 2024 ta ci naira 1,800 a dare ɗaya, wato naira 54,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin wannan shekara naira 70,000 ne. Fankar sama mai cin wat 75 kuwa naira 135 za ta ci a daren, wato naira 4,050 a wata. Bambancin ya samo asali ne daga cewa na'urar tana sanyaya iskar ɗaki gaba ɗaya, tana kokawa da zafin da kwano da bulo suke zubowa, ita kuwa fanka jikar mafici ce, jikin mutum kawai take nufa.

7.0 Waiwayen Baya

Tun kafin tsadar baya-bayan nan wasu sun fara komawa ga tsohon ilimi da sabon ido. A shekarun 1990 Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu domin adana kayan lambu ba tare da lantarki ba. Wannan aiki, wanda a kan hikimar randa aka gina shi, ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A Jamhuriyar Nijar masallacin ƙasa na Yama, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar Aga Khan a 1986. Tun daga shekarun 1980 ake koyar da ginin ƙasa mai rufin ƙubba wanda ba ya buƙatar azara, a 2018 kuma masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala masallaci da ɗakin karatu a Dandaji da tubalin ƙasa da aka matse da inji.

A gidajen talakawa ma ana ganin alamun haka: masu sa silin ko shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwano, masu shafa wa rufi farin fenti, masu dasa itace a yammacin ɗaki, da masu sayen fanka mai caji da farantin sola. Duk waɗannan suna bin ƙa'idoji biyu da maginan da suka sani, wato a hana zafi shiga tun farko, sa'an nan a sanyaya mutum maimakon a sanyaya gida.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa a ƙasar Hausa ginin ƙasa ne ya ɗauki mafi yawan nauyin zafi da ɗari, kasko da gadon ƙasa da mafici da randa suka cike giɓin da ya rage. Zuwan kwano da siminti ya magance matsalar ruwa da gobara, amma ya mayar da wannan nauyi kan lantarki da fetur, wato kan aljihun maigida. Ba a kira ga a rushe gidajen bulo ba, ba a kuma manta da hayaƙi da rushewar soro a damina ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne, duk na'urar da za a ƙara wa gida, tsadarta tana bin yadda aka gina gidan.

Akwai kuma aiki a nan ga masu nazarin harshe. Kalmomi irin su laso da katsi da ɗaurin guga da tafarfara suna ɓacewa daga bakin matasa tare da sana'ar da ta haife su. Wajibi ne a je wa sarakunan magina da sauran dattawan sana'ar a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, a tattara waɗannan kalmomi tare da bayanin aikin kowace, a kuma kwatanta su da takwarorinsu a Barbarci da Nufanci da Yarbanci. Masu zanen gini za su buƙaci wannan taska, kuma masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.